ZAUREN 'YAN MATA: Kafin Ku Gama Tsine Wa Shesha, Ku Saurare Ni

  

Da niyyata wannan fitowar in ci gaba da maganar lefe da muka faro, to amma saƙonninku sun hana ni. Daga Kwanar Ɗangora, daga Tiga, daga Tudun Wadar Ɗankadai har can Riruwai, magana ɗaya ce kowa ke yi, wato Shesha. Wata ɗaliba daga Kiru ta ce daren da ta kalli abin ko tuwo ba ta iya ci ba. Wata kuma daga Riruwai shafi biyu cur ta cika da tsinuwa, wadda in na kuskura na sa ta a nan edita ba zai bar ko layi ɗaya ba. Kusan kowace ta rufe da tambayata, wai Anti ke me kika gani? To ga ni, zan faɗi abin da na gani, amma na san wasunku ba za su ji daɗinsa ba.

Bari in fara da waɗanda ba su san dawan garin ba, don kada mu bar su a baya. Shirin da ake magana a kai sunansa Naagin, mu nan macijiya kawai muke ce masa. Wasan kwaikwayo ne na talabijin mai dogon zango daga ƙasar Indiya, na kamfanin Balaji Telefilms na wata mata mai suna Ekta Kapoor. Tashar Colors ce ta fara nuna shi a watan Nuwamba na 2015, duk Asabar da Lahadi, zangon farko ya ƙare a watan Yuni na 2016 da kashi 62. Bayansa an yi zanguna da yawa da sababbin jarumai, amma ni har gobe na farkon nan shi ne shiri. Mu a ƙauye a makare ya iso mana, ta hannun masu tura fim a waya, da muryar Hausa a kai, shi ya sa za ki ga wata ta gama tun shekarun baya, wata kuma sai bana ta samu wanda ya tura mata. Ba zan faɗi lambar kashin da muke magana a kai ba, don kowane mai turi da yadda ya yanka nasa, na Bebeji daban na Tudun Wada daban.

Labarin dai na wata macijiya ce mai rikiɗa ta zama mutum, Shivanya, wadda Mouni Roy ta fito a matsayinta. Wasu mutum 5 ne suka kashe mata uwa da uba saboda kwaɗayin wani dutse mai daraja da macizan ke gadi, naagmani. Sai ta sha alwashin ɗaukar fansa, ta shiga gidan attajirin nan Raheja a matsayin 'yar aiki, ƙarshe ta auri ɗan gidan, Ritik, wato Arjun Bijlani, don ta samu kusanci da maƙiyanta. Ba ita kaɗai ta zo ba, tare take da 'yar'uwarta Shesha, wato Adaa Khan, ita ma macijiya. Duk wata wahala tare suka sha. An turo musu mai rikiɗa ya zama tunku, an turo musu mai rikiɗa ta zama ɗawisu, ga matsafiyar gidan kullum tana kan gwada su, Shesha ce ke tsaye a bayan Shivanya. In an kama wannan waccan ta cece ta. Mu masu kallo har cewa muke Allah Ya ba mu 'yar'uwa irin Shesha.

Kuma kada ku yi mamakin yadda labarin macijiya ke kama zuciyar Bahaushiya, abin ya daɗe. Ku tambayi iyayenmu mata fim ɗin Nagin na 1976 wanda Reena Roy ta bi mazan da suka kashe mata masoyi ɗaya bayan ɗaya, ko Nagina na 1986 na Sridevi da Rishi Kapoor da mugun nan Amrish Puri. Innata har yau in ta tuna rawar da Sridevi ta yi da farin kaya idanunta sun rikiɗe, sai ta ce tsigar jikinta na tashi, alhali a kaset ta gani a gidan maƙwabta, yara cike da tsakar gida. Kafin Indiya ma muna da namu. Wace ce ba a yi wa tatsuniyar budurwar da ta rantse ba za ta auri mai tabo ba, ta ƙi samarin garinsu kaf, sai ga kyakkyawan baƙo jiki sumul, ashe maciji ne ya ari siffar mutane? Ga kuma macijin rijiyar Kusugu a Daura, wanda ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a har Bayajidda ya zo ya kashe shi. Da macizai aka yaye mu, Indiya ƙarin gishiri kawai ta yi.

To mu zo kan kashin da ya tayar da ƙura.

Ni a Tudun Wada na kalle shi, a gidan goggota, lokacin kakar shinkafa, gari ya cika da ƙarar injinan casa da ƙaiƙayi. Da daddare bayan an gama komai aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka jona ƙaramar talabijin da batirin sola, mu wajen goma sha, har da matan maƙwabta da goyonsu. Tun kafin wannan daren muna ganin alamu, irin kallon da Shesha ke bin Ritik da shi ya canza, in ta ga shi da matarsa suna dariya sai fuskarta ta ɗaure. Amma kowa na cewa haba, Shesha ce fa, za ta danne. Sai ga shi a wannan kashin ta ƙi dannewa. Yamini, uwar gidan da ta raini Ritik, wadda daga baya ta tabbata ita ce cikon ta 5 ɗin makasan, ta gano inda ciwon Shesha yake ta danna. Shesha ta juya wa jininta baya ta haɗa kai da wadda ta kashe mata dangi, ladanta kuwa a ba ta Ritik.

Wallahi tsakar gidan nan sai da ta yi tsit kamar an yi mutuwa. Sai wata amarya ta saki salati, wata ta ce "Allah Ya isa tsakaninmu da ke!" kamar Shesha na jin ta. 'Yar goggota, 'yar aji 2 a babbar sakandare, kuka ta fashe da shi sosai ta shige ɗaki. Ni kaina hawaye na yi, maƙogwarona ya ɗaure, don ba abin da ke min ciwo a labari irin cin amanar wanda aka sha wuya tare. Kisan da aka yi ta yi a shirin, da saran, da rikiɗar, duk ba wanda ya hana ni barci sai wannan. Macijiya mai kai uku ma da za a nuno ba za ta firgita ni kamar murmushin da Shesha ta yi ba.

To amma da na kwanta, sana'ata ta motsa. Kun san mai rubuta labari ba ta iya barin labari ya kwana lafiya, sai ta kwance shi ta ga ta ina aka ɗinka. Na dinga tambayar kaina, wai yaushe Shesha ta fara son mijin nan? A ina ta san shi har son ya shige ta haka? Ba zance ya je wurinta ba, ba wasiƙa ya rubuta mata ba, shi a saninsa ma bai taɓa keɓewa da ita ba. Amsar tana nan a fili tun kashin baya, mu ne muka yi ta tafi ba mu lura ba. Duk lokacin da Shivanya za ta fita farautar maƙiyi, wa take bari a gida don kada a gane ba ta nan? Shesha. Da wace fuska? Da fuskar Shivanya. Ita za ta sa kayanta, ta zauna a mazauninta, ta amsa sunanta. Ritik ya shigo da fara'arsa ya yi mata kallon da miji ke yi wa matar da yake so, ya tambaye ta ko ta ci abinci, ya damu in ya ga ranta a ɓace, ya faɗa mata maganganun da ba a faɗa wa kowa sai mutum ɗaya. Ita kuma dole ta mayar masa, in ba haka ba asiri ya tonu. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Ku tsaya ku auna wannan da kyau 'yan'uwa. Yarinyar da ta tashi ba ta san komai ba sai fansa da gudu da ɓuya, ba wanda ya taɓa tambayar ta ya kika kwana da tattausar murya, rana ɗaya aka ɗauke ta aka zaunar a inuwar da ba tata ba, aka ce ɗanɗana amma kada ki haɗiye. Shivanya ta yi lissafin komai, ta san ƙarfin matsafiya, ta san dafin tunku, abu ɗaya ne ba ta sa a lissafi ba, wato cewa 'yar'uwarta ma tana da zuciya. Ta ɗauke ta kamar zanen aro, a yafa a cire a ninke.

Ni da nake rubuta littattafan soyayya na san wani abu game da kalmomi wanda ba kowa ya sani ba. In na zauna ina rubuta wasiƙar da jarumata za ta aika wa masoyinta, mutumin da ni na ƙirƙire shi da birona, babu shi a duniya, wallahi wani lokacin sai in ga hawaye ya ɗiga a kan takardar. Kalmar so ba ta fita daga baki ta bar shi yadda ta same shi. In kika faɗe ta sau goma da wasa, ta sha ɗayan da gaske za ta fito. To ina ga wadda ke faɗa wa mutum mai rai, yana kallon ƙwayar idonta yana amsawa?

Sannan akwai wadda duk cikin saƙonninku ba wadda ta tuna da ita, Tanvi. Kun manta da ita ko? Ita ce fa aka yi wa baiko da Ritik tun farko, ita aka shirya wa bikin. Su biyun nan, Shivanya da Shesha, su suka haɗa kai suka kawar da ita daga hanya, Shivanya ta zama amarya a ranar da ba tata ba. A lokacin guɗa muka yi, don jarumarmu ce ta ci. Ba wadda ta ƙi cin tuwo saboda Tanvi. Ashe Shesha a wurin wa ta koyi cewa ana iya ture mace a zauna a kujerarta in buƙata ta kama? A makarantar da suka buɗe tare ta yi karatu, da ta ƙware sai ta gwada a kan malamar.

Kakata ta wajen uwa, a Bebeji, ta taɓa ba ni labarin amaryar boko. A zamaninsu ranar kai amarya sai a samu wata yarinya a lulluɓe ta a ɗora a kan doki, a bi ta da kiɗa da guɗa, idon jama'a duk yana kanta, ita kuwa amaryar gaskiya an bi da ita ta wata hanya a ɓoye an kai ta ɗakinta, don gudun baki da sammu. Na tambaye ta, to Kaka ita ta bokon ba ta taɓa cewa ita ma ta zauna ba? Ta yi dariya ta ce ai shi ya sa ƙaramar yarinya ake nema wadda ba ta san komai ba, kuma a bakin ƙofa aikinta ke ƙarewa, ba ta kwana, ango ko ganin ta ba ya yi. Kun ji mutanen da. Sun yarda a ari fuskar amarya a nuna wa titi, amma ba su taɓa yarda a ara a kai wa ango ba.

Mu fa yanzu? Nan ne inda nake so mu kalli juna. Mu daina ganin abin kamar na Indiya ne da macizai, kullum ana yin sa a Kiru da Doguwa, ba tare da kowa ta rikiɗa ba. Saurayi ya zo zance, kina jin kunya ko kina jan aji, sai ki tura ƙawarki ta je ta taya shi hira kafin ki gama kwalliya, minti biyar ya koma awa guda. Kun yi faɗa, ita ce 'yar sasanci, ita ke kai maganarki ta kawo tasa, ita ke jin irin rantsuwar da yake yi a kanki da muryarsa na rawa. Ba ki da waya ko Baba ya ƙwace, sai ki ba shi lambarta. Ba ki iya tsara magana ba, sai ki miƙa mata wayar ki ce ke da kika iya, rubuta masa mai daɗi. Mafi muni ma wadda za ta ce wa ƙawarta wai ki neme shi a WhatsApp da wani suna mu gwada shi mu gani ko mayaudari ne. Gwaji! Kin haɗa wuta da auduga kin koma gefe kina jiran sakamakon jarrabawa.

Na san wasu 'yan mata biyu, ba zan faɗi garinsu ko makarantarsu ba, a yankinmu dai suke, gado ɗaya suke kwana a makarantar kwana, kwano ɗaya. Ɗayar kyakkyawa ce ta bugawa a jarida amma ba ta da baki, ɗayar kuwa ba a cika waiwayen ta ba amma in ta riƙe biro sai dutse ya narke. Saurayin kyakkyawar yana karatu a Zariya. Shekara biyu ana musayar saƙo, duk wata kalma da ta sa shi ya kasa barci daga kan mai biron ta fito, ita kuma duk amsar da ya aiko ita ke fara karantawa don ta san me za ta mayar. Da aka gama makaranta ya zauna da budurwar tasa sosai, sai ya ga wadda ke gabansa daban, wadda ya sani a rubuce daban. Ya yi ta bincike har ya gano. Yau mai biron ce a gidansa. Garin ya tsine mata kamar yadda kuka tsine wa Shesha, har yau in ta shiga gidan biki sai an yi zunɗe. Kyakkyawar kuwa ta yi jinya ta wata da watanni, ta rame, ta rasa saurayi ta rasa aminiya a rana ɗaya, kuma ta faɗa min da bakinta rashin aminiyar ya fi yi mata ciwo. Duk su ukun ba wanda ya tashi da niyyar cutar wani ranar da aka rubuta wasiƙar farko.

Kada wata ta rubuto ta ce na wanke Shesha. Ban wanke ta ba. So ya shige ta ba da shawararta ba, wannan na tausaya mata. Amma daga nan zaɓi ya rage nata. Tana iya zuwa ta ce 'yar'uwa kada ki ƙara tura ni wurin mijinki, zuciyata ta fara karkata. Magana ce mai nauyi, amma da ta faɗe ta da an tsira. Tana iya tattara nata ta koma inda ta fito. Sai ta zaɓi ta kama hannun wadda jinin danginta ke kai. Wannan kam ko lauyan duniya ba zai fid da ita ba. Abin da nake cewa kawai, in za a raba laifin nan a faranti, a zuba wa Shesha babban kaso, amma kada Shivanya ta tashi da farantinta fes.

Shi kuma gogan naku Ritik, da duk kuke ta cewa Allah sarki bawan Allah, ni fa ya ɗan ba ni haushi. Mutum a canza maka mata a ɗaki sau ba adadi amma ko sau ɗaya jikinka bai ba ka ba? Wata za ta ce ai siffar ɗaya ce sak. Na ji. Amma dariyar fa, shirun fa, yadda take fushi fa? Uwa tana rarrabe Hassana da Usaina a cikin duhu. In har so bai wuce fuska da murya ba, to Shesha ba ta yi ƙarya ba da ta ga ita ma za ta iya. Wannan tambayar na bar wa masu samari, kowace ta je ta auna nata, in aka ba wata wayarki ta kwana uku tana amsa masa, zai gane kuwa?

Goggota ce ta ba mu dariya washegari muna tsintar shinkafa. Ta ce ita duk wahalar banza ta gani, da a Tudun Wada ne ai sai Ritik ya haɗa su biyun ya ajiye, kowace da ɗakinta, a raba kwana, shiri ya ƙare tun a kashi na 20. Aka ce haba Goggo, ya da ƙanwa? Ta ce ai ba ciki ɗaya suka fito ba, 'yan'uwan dangi ne, shari'a ba ta hana ba, ya da ƙanwa na jini ne ba a haɗawa. Gaskiyarta ta wannan fuskar. Su can dokar auren mabiya addinin Hindu ta 1955 ta hana namiji ƙara aure matuƙar matarsa na nan, shi ya sa a finafinansu in mata biyu suka so namiji ɗaya sai ɗaya ta mutu, ko ta haukace, ko ta zama muguwa, babu hanya ta huɗu. Amma na ce wa Goggo, ko an raba kwanan, kina ganin Shivanya za ta ƙara cin abincin da Shesha ta girka? Ta yi shiru, can ta ce a'a, wannan kam sai dai kowa ta kafa murhunta.

Af, kafin in manta, masu zagin Yamini ku rage. Matar da ta fito a wannan matsayi, Sudha Chandran, tana da shekara 16 ta yi hatsarin mota a 1981 aka yanke mata ƙafar dama, aka sa mata ta roba, ta koma ta ci gaba da rawar gargajiyarsu har aka yi fim a kan rayuwarta, Nache Mayuri na 1986, ita da kanta ta fito a ciki. Duk wannan taku na isa da take yi a falon Raheja da ƙafar roba take yin sa. Tun da na ji haka in ta fito sai in rasa tsine mata zan yi ko tafa mata.

Saura amsar wasiƙa ɗaya da ba zan iya bari sai fitowa ta gaba ba, don ta shafi rai. Wata ƙanwata daga wani ƙauye a gefen dajin Falgore, ta ɓangaren Doguwa, ta ce yayanta ya kashe gamsheƙa a gona, tun ranar ba ta barci, wai an ce hotonsa ya zauna a idon macijin, matar za ta gani ta biyo shi har gida. Ƙanwata kwantar da hankalinki. Idon maciji ba kyamara ba ne, ba ya riƙe hoton kowa, macizai ba sa zaman aure balle takaba da fansa, kuma babu wani dutse mai haske a kansu. Ko busar da masu wasa da maciji ke yi ba jin ta yake kamar mu ba, ba shi da kunne a waje, motsin abin busar yake bi. In an ga wani macijin a inda aka kashe na farko, wurin ne ya yi musu daɗi, akwai ɓeraye ko rami ko tarin kara, sai a share. Batun aljani ya shiga siffar maciji kuwa malamai sun yi bayaninsa, akwai hadisin saurayin nan sabon ango a Madina lokacin yaƙin Khandaƙ, wanda daga kansa aka yi umarni a yi wa macijin da aka gani a cikin gida gargaɗi kafin a kashe shi. Wannan ki tambayi malamin Islamiyyarku ya warware miki, ba a wurin Ekta Kapoor za ki koye shi ba.

Abin da ya kamata ku ji tsoro ku da ke bakin daji shi ne saran kansa, musamman da damina da lokacin girbi. Kububuwa 'yar ƙarama ce amma ita ta fi kashe mutane a ƙasarmu ta Arewa, dafinta hana jini daskarewa yake, mutum ya ga kamar ya samu sauƙi kwana ɗaya ko biyu, sai jini ya ɓalle ta dasashi da fitsari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce saran maciji na kashe mutum dubu 81 zuwa dubu 138 duk shekara a duniya, a 2017 ta sa shi cikin cututtukan da aka yi wa sakaci. A Kaltungo ta jihar Gombe asibiti guda aka ware don shi. In ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya ko roba. A cire zobe da awarwaro kafin kumburi, a hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi a kai asibiti a nemi allurar kashe dafi tun a ranar, kada a kwana ana jiƙe-jiƙe. In gamsheƙa ta yi tofi a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa sannan a tafi asibiti. Yayanki kuma ya nemi takalmin roba mai tsawo na shiga gona, ku kuma ku riƙa fita da tocila da dare ko bayan gida za ku.

Mai tambaya daga Tiga ko Shivanya da Ritik za su ƙare tare, ba zan faɗa miki ba, ki je ki ƙarasa kallonki. Wadda kuma ta ce in ba ta aron zango na biyu, memorin yana hannun 'yar goggota, ta ce sai ta ga abin da zai samu Shesha za ta dawo min da shi. Fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu za mu koma kan lefenmu, akwati nawa ne ya isa, kuma wa ya ce sai da kit.

Taku a kullum.